Mayar da Giya N a Cikin Cunkoso: Abin da Direbobi da Makanikai Suka Ce

An ja zance sosai tsakanin direbobi da makanikai kan ko ya dace a mayar da giyar motar otomatik N (wato furi, inda inji ba ya juya tayoyi) a cikin cunkoso, amma galibinsu sun tsaya a kan cewa idan tsayuwar ta ɗan lokaci ce, kamar jiran danja, a bar giya a D (giyar tafiya gaba) a taka birki. An ƙera motar otomatik ta jure hakan, kuma yawan kai giya da komowa ba ya ƙara mata lafiya.

Idan gosulo ya cije, mintuna suna tafiya, sai a mayar N a ja birkin hannu; man giya zai rage zafi, ƙafa ma ta huta. Wasu sun fi son P (giyar fakin), amma makanikai suka ce in aka buge ka ta baya, ɗan ƙarfen da ke kulle giyar na iya karyewa.

Sakin mota a N a gangara kuwa, babu wanda ya goyi bayansa.