Neman shawara: koyarwa a jami'a da ƙwarewa a duban ɗan tayi

Ƙaramar Likita ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa kan haihuwa da cututtukan mata, kuma tun da aka fara tura ni ɗakin sikanin na lura cewa a nan hankalina ya fi kwanciya. Burina in zama likitar da ke koyarwa a jami'a, wadda aikinta ya karkata ga mata masu cikin da ke da haɗari da kuma duban ɗan tayi tun daga farkon ciki har zuwa haihuwa. Sai dai wani babba a sashenmu ya ce mini wanda ya maƙale wa na'ura hannunsa yakan mutu a ɗakin tiyata, kuma ba yawan matan da mutum ya duba ne ke kawo ƙarin girma a jami'a ba. Ina roƙon manyanmu su faɗa mini gaskiyar wannan hanya, da abin da ya kamata in fara yi tun yanzu.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar babban naku ta biyu gaskiya ce, amma ba ta isa ta hana ki ba, domin wannan fanni malaman jami'a ne suka kafa shi. Ian Donald farfesa ne na ilimin haihuwa a Jami'ar Gilasgo, kuma a shekarar 1958 shi da likita John MacVicar da injiniya Tom Brown suka wallafa a mujallar Lancet aikin da ya nuna cewa sautin da kunne ba ya ji zai iya bayyana abin da ke cikin cikin mace. Stuart Campbell, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Donald, shi ya kyautata hanyar auna faɗin kan ɗan tayi a ƙarshen shekarun 1960, abin da ya sa likitoci suka rage dogaro da lissafin ranar jinin al'ada kaɗai wajen sanin watannin ciki. A 1992 kuma Kypros Nicolaides da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa kaurin ruwan da ke ƙarƙashin fatar ƙeyar ɗan tayi a farkon ciki yana da alaƙa da matsalolin ƙwayoyin halitta, shi ya sa a yau ake yin wannan awo tsakanin mako na 11 da na 14.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a kan kyan hoto. Sun auna, sun rubuta, sannan suka bi matan har suka haihu domin su ga ko abin da suka faɗa ya tabbata. Saboda haka ki buɗe kundi daga wannan mako, da izinin sashenku kuma ba tare da sunayen mata ba, ki riƙa rubuta nauyin da kika ƙiyasta wa kowane ɗan tayi da nauyin da aka same shi da shi ranar haihuwa. Cikin wata shida za ki san inda hannunki yake karkacewa, kuma daga irin wannan kundi ne takardun bincike na farko suke fitowa. Na ga matasa da yawa da suka ƙware a sarrafa na'ura amma suka daɗe a mataki ɗaya, don kawai ba su taɓa komawa sun tambayi yadda cikin ya ƙare ba.

Likitar Ɗakin Haihuwa ta amsa:

Ƙanwata, na yarda da Malam, amma ni maganar babban naku ta farko ce ta fi damuna, kuma ina ganin bai yi kuskure ba. Kada ki yi gaggawar barin ɗakin naƙuda. A Amurka sai likita ya kammala shekara 4 na horon haihuwa da cututtukan mata kafin ya ƙara shekara 3 a fannin lafiyar uwa da ɗan tayi, kuma akwai hikima a wannan jeri. Idan kika ga mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa a jikin matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, har kina zargin ta kafu cikin tabon, ke ce za ki tsara ranar aiki, ki tanadi jini, ki kira masu sa barci da likitocin jarirai, kuma sau da yawa ke ce za ki riƙe wuƙar. Wadda ba ta taɓa tsayawa a kan mace mai zubar jini ba, rahoton da za ta rubuta ba zai ɗauki nauyin abin da ta gani ba.

Akwai kuma abin da ba a cika koyarwa ba. A duban da ake yi tsakanin mako na 18 da na 22 ne ake gano yawancin nakasar halitta, kuma uwa tana kallon fuskarki fiye da yadda take kallon allon na'ura. Ranar da na fara ganin ɗan tayin da ƙoƙon kansa bai haɗu ba, na yi shiru na tsawon lokaci ina ta maimaita awo, har matar ta fara kuka tun ban ce komai ba. Daga ranar na koyi in ajiye abin dubawa, in bari ta zauna ta gyara tufafinta, in tambaye ta ko tana son a kira mijinta, sannan in yi bayani da kalmomin da za ta iya maimaitawa a gida. Ɗalibanki za su kwaikwayi yadda kike yin wannan ko kin koya musu ko ba ki koya musu ba.

Ƙaramar Likita ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Yaya. Zan ci gaba da kwana a ɗakin naƙuda yadda aka tsara mini. Amma wane irin bincike ne ya dace da mai farawa, wadda ba ta da kuɗin bincike kuma na'urar sashensu ba ta zamani ba ce?

Tsohon Malami ya amsa:

Ki zaɓi tambayar da amsarta za ta sauya abin da ake yi wa mace. A 1963 William Liley ya yi nasarar ƙara wa ɗan tayi jini yana cikin mahaifa a ƙasar Niyu Zilan, amma shekaru da dama bayan haka sai an soka allura a ɗebi ruwan mahaifa kafin a san wanda jininsa ya ragu. A shekarar 2000 Giancarlo Mari da abokansa suka nuna cewa auna saurin gudun jini a wata jijiya ta ƙwaƙwalwar ɗan tayi da na'urar Dofla ya wadatar wajen gano hakan, sai aka rage wa mata da yawa shan allura.

Ba sai kin kai nan ba a farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako na 24, don haka ki bincika mata nawa ne a asibitinku suke samun sa a kan lokaci da abin da ke hana sauran. Ko kuma ki gwada ko lissafin Hadlock, wanda yawancin na'urori ke ƙiyasta nauyi da shi, yana dacewa da jariran da kuke karɓa. Ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki tattara ko da adadi ɗaya, ki kuma zauna da masanin ƙididdiga tun kafin ki fara, domin shi zai faɗa miki mata nawa kike buƙata.