Neman kalma: me za mu kira "vape" da Hausa?

Malamar Mabera: Assalamu alaikum. Jibi Asabar zan yi wa iyaye bayani a taron makarantarmu, har yanzu ban samu sunan "vape", 'yar na'urar nan da ake zuƙar hayaƙinta, da Hausa ba. Makon jiya na ciro guda daga jakar wata ɗaliba 'yar shekara 15, bai fi biro tsawo ba, sai ƙamshin mangwaro yake. Da na nuna wa mahaifiyarta, ta juya shi a hannu ta ce wallahi ta sha ganinsa kan taga, ta ɗauka turare ne. Sunan da uwa irin wannan za ta ji gabanta ya faɗi nake nema.

Ɗan Arkilla: Tabar lantarki, Malama. Ita muke ji a rediyo.

Mai Kemis: Ko shishar aljihu. Yaran ai "shisha fen" suke cewa.

Baba Malam: Ku dakata. Taba ganye ta, a shuka ta, a shanya, a daka. Wanga abu ina ganye nai? Lantarki kuma kalmar Bature ta. Ni na daɗe da raɗa mai suna: zuƙau. Awa yadda munka ce gagarau. Zuƙa tai akai, ba a kunna mai wuta.

Mai Kemis: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ganyen na ciki ta bayan gida. Batir ne ke gasa 'yar waya, wayar ta dumama ruwa ya tashi kamar hayaƙi, ruwan kuma yawanci da nikotin a ciki, wanda daga ganyen taba ake tatso shi. Hon Lik, mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin da ya ƙera na zamani a 2003, shi kansa mashayin sigari ne. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ke saurin kama yaro. Wasu har man wiwi suke zubawa. In aka cire "taba" daga sunan, an ɓoye haɗarin.

Bakano a Runjin Sambo: Zuƙau kuma? Wa zai gane? Lemo ma zuƙarsa ake da tsinke. A daidaitacciyar Hausa sigarin lantarki ne, a wuce wurin.

Baba Malam: Wa ad daidaita ta, yaro? Kullum abin da Kano tac ce shi na Hausa, namu kuwa "karin harshe". Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi da Hausa garin ga na Sakkwato tun babu boko. Ba mu jiran izni wurin kowa kahin mu raɗa suna.

Bakano a Runjin Sambo: Baba, ba raini ba ne. Amma taba ɗin da kake karewa, ita ma ai aro ce, daga Amurka ganyen ya fito. Sigari aro, ashana aro.

Ɗan Arkilla: Nan kam na bi Baba. Mu ke da Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma kullum sai mun ji daga bakin wasu sannan mu yarda da kalma.

Malamar Mabera: Don Allah a dawo, kwana biyu gare ni. Shisha ba za ta yi ba, iyaye da yawa sun ɗauka 'ya'yan itace ne kawai a ciki. Baba, zuƙau na da daɗin faɗa, kuma daɗin ne nake tsoro, kamar sunan alewa. Yarinyar nan kuka take tana rantsuwa ita ba ta taɓa shan taba ba, kuma har zuciyarta ta yarda da hakan. Dole in ce mata taba ce. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba taba, ina so iyaye su haɗa abubuwan biyu a ransu. Zan rubuta "tabar lantarki mai ƙamshi", in ɗaga abin sama kowa ya gani.

Baba Malam: Ɗiyata, taba na bar miki, don hujjar mai kemis ta kama ni. Lantarki ban aminta ba, ba ni kuma aminta. Ki ambaci zuƙau ko sau guda, ki hwaɗa muna abin da mata sunka ce.

Malamar Mabera: Zan ambata, Baba.

Ɗan Arkilla: To aikatau fa? Sha za a ce, busa, ko zuƙa?

Mai Kemis: Sha. Hausa ta daɗe da cewa shan taba.

Baba Malam: Zuƙa.