Littafin Narnia: na rediyo zan nema wa yaro ko na talabijin?

Maman Sadik, Zariya

Assalamu alaikum 'yan gida. Ɗana mai shekara tara ya samo kyautar littafi a makaranta, The Lion, the Witch and the Wardrobe na C. S. Lewis. Ya fara da zafinsa, yana zuwa babi na huɗu ya sare, wai Turancin ya yi masa nauyi. Malamarsu ta ce BBC sun taɓa mayar da labarin wasan rediyo, sun kuma yi na talabijin. Ni kuwa kuɗin datar guda ɗaya nake da shi a watan nan. Wanne zan fara nema masa? Fim ɗin 2005 ban sa shi a lissafi ba, don na san halin kayana, yana kallonsa ya gama da littafin ke nan. So nake ya koma ya ƙarasa karatun. Wanda ya san su biyun ya taimaka mini don Allah.

Baba Tanko, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yata. Tun farko ki san da wa kike magana: a sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyo na yi ritaya, ni ne mai haɗa sauti, don haka ba sai an faɗa miki ɓangaren da zan ja ba. Amma na saurari wannan, na kalli wancan, kuma jikokina sun sa na maimaita.

Na talabijin ɗin an nuna shi a ƙarshen 1988, kashi shida, kowane kashi wajen rabin awa. Ba su yi wasa da littafin ba, sun bi shi sau da ƙafa. Inda gizo ke saƙar shi ne dabbobi. Labarin nan rabinsa dabbobi ne masu magana, kuma a 1988 babu dabarar kwamfuta irin ta yau. Sai aka ɗinka wa manyan mutane rigar gashi aka zura su ciki. Dabbobin ruwan nan biyu, mata da miji, da suka ɓoye yaran labarin, 'yan'uwan da suka shiga ƙasar Narnia ta cikin durowar kaya, a gidansu, a littafi ƙanana ne masu kazar-kazar. A talabijin kuwa ga su nan tsaye ƙiƙam kamar buhunan gero an yi musu hanci, sun fi yaran kauri, suna tafiya da ƙyar a cikin ƙanƙara. Jikata ƙarama dariya ta dinga yi a daidai wurin da ya kamata gabanta ya faɗi, lokacin da kyarketai ke biye da su.

Sai shi gogan, zaki Aslan. An kashe kuɗi wajen ƙera shi, mutum biyu ne a cikin jikin, fuskar kuma na'ura ke motsa ta. In yana tsaye shiru, wallahi yana da kwarjini, gezar nan ta yi kyau. Yana buɗe baki sai magana ta yi gabas, leɓe ya yi yamma. Ronald Pickup da ya yi muryar ya yi ta a tausashe, a hankali, kusan kamar mai jin barci. A wurin yaƙi kuma, halittun da suka gagara ɗinkawa sai aka zana su da hannu aka liƙa a kan hoton, ga mutum na gaske yana kai wa zane sara.

Shi kansa mai littafin ya hango haka. A 1959 ya rubuta wa wani mutumin rediyon BBC, Lance Sieveking, wasiƙa yana cewa na rediyo ya yarda da shi, amma na talabijin sam bai amince ba. Dalilinsa shi ne, dabba mai halin mutane da zarar an fito da ita ido ya gani, ko dai ta zama abin dariya ko ta zama abin firgita. A sa mutum cikin rigar zaki a ce Aslan ne, wannan a wurinsa saɓo ne. Ya rasu a 1963 bai ga ko ɗaya ba.

To koma rediyo. Brian Sibley ne ya tsara wasan, Stephen Thorne ya yi zakin. Murya ce mai kauri da ke fitowa daga ƙirji, kuma babu leɓen da za ki tsaya kina duba ko ya dace. Girman zakin yaro ne zai yanka wa kansa, kuma duk wanda ya yanka sai ya fi na masu ɗinki. Haka Farar Matsafiyar, muguwar da ke mulkin ƙasar. Barbara Kellerman ta talabijin ihu take yi tun daga farko, ido a zare, har mutum ya rasa yadda aka yi Edmund, ɗaya daga cikin yaran, ya yarda ya hau kekenta ya ci alewarta. Ai wadda za ta yaudari yaro da zaƙi sai ta iya sassauta murya. Makirufo ya fi kowa sanin wannan: ki matso kusa da shi ki yi ƙasa da murya, ya fi ihu ban tsoro nesa ba kusa ba.

Akwai kuma mai ba da labari. Lewis yana rubutu ne kamar kaka na yi wa jikoki hira, yakan tsaya ya ja kunnen mai karatu cewa wauta ce mutum ya rufe kansa a cikin durowar kaya. Talabijin ba shi da inda zai ajiye irin wannan muryar. Rediyo yana da shi, tsohon Farfesan da yaran suka sauka gidansa ne ke jan zaren labarin. Tunda burinki ya koma ga littafi, wannan muryar ce za ta mayar da shi.

Wani abin da zai ba ki sha'awa, takun ƙafa a kan dusar ƙanƙara ba sai an je ƙasar sanyi ba. Masu sauti garin sitaci suke zubawa a 'yar jaka su dinga matsawa a gaban makirufo, ƙurus, ƙurus. Na gwada wa jikokina a tsakar gida, suka rufe ido, babban ya ce har sanyi ya ji.

Ƙari a kan haka, rediyon sun yi littattafan Narnia bakwai duka, tsakanin 1988 da 1997. Talabijin huɗu suka yi suka tsaya a 1990.

Anti Bilki, Leeds

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa kan zakin gaskiya ne, amma ka yi mini afuwa zan saɓa maka. Kunne ba ya zana abin da ido bai taɓa gani ba. Yaron Ingila in ya ji ƙurus ƙurus ɗin nan ya san dusar ƙanƙara, ya san yadda take danne rassan itace. Sadik fa? Sanyin da ya sani na hunturu ne, da hazo da ƙura da fashewar leɓe. A ce masa ƙasa ta shekara ɗari cikin ƙanƙara, me zai gani? A ce masa ga wani rabinsa mutum rabinsa akuya, riƙe da lema da ƙunshin kaya, daga ina zai ɗauko hoton?

A nan na talabijin ya yi zarra. A Sikotilan aka ɗauki wuraren ƙanƙarar, ta gaske ce. Lokacin da Lucy, autar yaran, ta kutsa cikin rigunan gashin da ke cikin durowar, hannunta ya daina taɓa tufafi ya fara taɓa ƙaiƙayin rassa, ta fito ta tarar da fitilar titi tana ci ita kaɗai a tsakiyar daji, ga kiɗan Geoffrey Burgon a ƙasa-ƙasa, ɗakina tsit ya yi, har autata mai surutun tsiya ta yi shiru. Babu abin da rediyo zai yi a nan illa wani ya buɗe baki ya ce ga fitila.

Sannan maganar Turanci, wadda ita ce asalin matsalar Maman Sadik. Yara huɗu ne masu karin harshen Ingila na da, biyu maza biyu mata. A rediyo ni kaina sai na natsu nake bambance Peter da Edmund in suna gardama. Yaron da ya sare a babi na huɗu ina zai iya? A talabijin yana ganin mai magana, yana ganin abin da ake nunawa da yatsa, in ma kalma ta wuce shi fuska za ta gaya masa. Fuskar Edmund lokacin da ya yi wa ƙanwarsa ƙarya a gaban yayyensu, ya ce ai wasa suke yi, babu wata ƙasa a bayan durowa, wannan ba ya buƙatar fassara. Kuma jan jikin da shirin yake yi, wanda yaran nan Ingila ke ƙorafi a kai, shi ne alherinsa ga mai koyo.

Ni dai shawarata, 'yar'uwa: kashi ɗaya, sannan babin da suka yi daidai da shi. Kar ki ba shi na gaba sai ya karanta.

Malam Auwal, Gusau

Hajiya, ni ba zan shiga tsakanin Baba da Anti ba. Abu ɗaya nake so ki sani kafin ki kunna kowanne. Lewis malamin jami'a ne a Oxford, daga baya Cambridge, kuma fitaccen marubucin addinin Kirista ne. Littafin ya fito a 1950, kuma bai ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa ba: zakin ya ba da ransa a kan teburin dutse a madadin yaron da ya ci amana, sannan ya tashi da asuba. Duk Kirista ya san labarin da ake nufi. Ban ce a hana yaro ba, nawa sun karanta, zakin da yaƙin kawai suka gani. Amma ki zauna tare da shi a wannan wurin, don in ya tambaya ya sami amsa daga bakinki.

Ki kuma lura, wasan rediyon kala biyu ne a intanet. Akwai na BBC da Baba ya bayyana, akwai na wata ƙungiyar Kiristoci ta Amurka, Focus on the Family, da suka fara fitarwa a 1999, David Suchet ne zakinsu. Aikin yana da inganci, amma ki san wanda kika sauke.

Baba Tanko, Kaduna

Bilki kin kama ni a kan fitilar, na sallama wannan. Amma wurin teburin dutsen da Malam ya ambata, ku saurare shi a rediyo da dare ku gani. Ana yi wa zakin aski ana ihu, sannan komai ya ɗauke, sai kukan 'yan matan biyu. A talabijin kina kallon mutane sanye da fuskokin roba suna tsalle. Sai dai kar a kunna wa yaro shi kaɗai a ɗaki.

Littafin kuma ai yana da zanen Pauline Baynes a ciki, in bugun mai hoto ne. Mai ƙafar akuyar yana nan da lemarsa.

Maman Sadik, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Namu bugun yana da zanen, Baba, sai dai ƙanana ne, baƙi da fari. Na yanke zan fara da kashi biyun farko na talabijin don ya ga ƙasar da idonsa, tunda murya ba ta cin data sosai sai mu ƙarasa da na rediyo, ni da shi, bayan sallar isha'i. Malam, na ji jan kunnenka. Tambaya ɗaya ta rage: a gefen littafin an rubuta lamba 2. Ko akwai wanda ya kamata ya fara karantawa?

Anti Bilki, Leeds

A'a, ki bar shi a kan wannan. Shi aka fara rubutawa. Wanda suke sa wa lamba 1, The Magician's Nephew, sai 1955 ya fito, masu bugawa ne suka dawo da shi gaba don shi ke ba da labarin yadda aka yi ƙasar, da inda fitilar da durowar suka samo asali. In ya riga ya san wannan, shigar Lucy ba za ta ba shi mamaki ba. Shi wancan BBC ba su yi na talabijin ɗinsa ba, don haka in lokacinsa ya zo dole ku koma wajen Baba.