Haƙurin da Allah yake yi da mugu, wa yake biyan kuɗinsa?

ɗan_autan_mama:

Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma ba don in gwada kowa nake yinta ba, abu ne da ya hana ni barci tun ranar Lahadi.

Babanmu ya rasu shekara 9 kenan, lokacin ina aji biyu a sakandare. Gona ɗaya ya bar mana a bakin fadama, ita ke ba mu masarar da take kai mu har wata damina, ga ɗan rake a gefen rafi da mama take sayarwa ta biya mana kuɗin makaranta. Ko zaman makoki ba a gama tashi ba baffana, ƙanen babanmu uwa ɗaya uba ɗaya, yazo yace wai gonar aro ce aka ba baba, ya turo yaransa suka tuge gambar da ke kan iyaka suka haɗe ta da tashi. Mama taje wajensa har sau uku tana kuka, na ƙarshen ma ko tabarma bai sa an shimfiɗa mata ba. Daga nan ta koma suyar ƙosai a bakin tasha, yayata ta bar makaranta a aji biyar, yanzu idon mama ɗaya hayaƙi ya kusa cinye shi.

Shi kuma fa? Ya gina gidan bulo, ya sayi mota, kuma shekara uku da suka wuce aka zaɓe shi dattijon ikkilisiya, shi ke ƙirga baiko bayan sujada.

To ranar Lahadi fastonmu yayi wa'azi akan 2 Bitrus 3:9, cewa Ubangiji ba jinkiri yake ba, haƙuri yake yi don baya so kowa ya hallaka sai dai kowa ya tuba. Kowa yana amin, baffana yana kujerar gaba yana gyaɗa kai, ni kuma na juya na kalli hannun mama da ke riƙe da littafin waƙa duk tabon mai ne, sai naji wani abu ya tokare mun ƙirji. Na yarda Allah yana ba shi lokaci ya tuba. Amma shekaru taran nan da aka ba shi ai daga jikin mama aka cire su. Shin haƙurin Allah da mugu ba a bayan marar ƙarfi yake hawa ba? Kuma dan Allah kar a ce mun mai haƙuri shi kan dafa dutse, naji wannan har kunnena ya gaji.

Sojan_Yesu:

Ɗan'uwa kayi hankali da bakinka. Romawa 9:20 ta ce kai wane ne da za ka mayar wa Allah magana, tukunya ba ta tambayar maginin tukwane. Rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. Ka yafe masa ka bar wa Allah, ramako nasa ne ba naka ba.

Maman_Biyu:

Haba Sojan Yesu, a hankali mana. Yaron nan ciwo ya kawo, ba saɓo ya yi ba.

Ɗana, sannu. Ni ma mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, don haka na san irin kallon da mamanka take yi wa rufin ɗaki da dare. Tambayar nan taka tana cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a haifi kakanka. Annabi Habakuk da ita ya buɗe littafinsa, yana cewa har yaushe zan yi ta kuka baka ji ba. Buɗe Zabura 13 ka ƙirga, a aya biyu na farko kawai Dawuda sau huɗu yake tambayar har yaushe. Asaf a Zabura 73 yace saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba ba abin da ke damunsu. Wanda ma yafi taɓa ni shine Wahayin Yahaya sura 6, waɗanda aka kashe saboda maganar Allah, sun riga sun bar duniyar nan fa, amma suna ƙarƙashin bagade suna ta kira da ƙarfi har yaushe ya Ubangiji, kuma ba wanda ya tsawata musu, farar riga aka ba su aka ce su ɗan ƙara hutawa. To in waɗanda ke gaban Allah sun tambaya, kai da ke ganin hannun mamanka kullum don me za a rufe maka baki.

Amma ina so in tambaye ka abu ɗaya. Sauran dattawan da fasto sun san maganar gonar nan kuwa lokacin da aka zaɓe shi? Ko dai kowa ya sani a gida amma ba wanda ya taɓa faɗa a fili?

Ɗalibin_Tauhidi:

Maman Biyu ta taɓo inda nake so in fara. Ɗan'uwa, yau da dare ka karanta 1 Sarakuna 21, labarinku ne kusan sak. Sarki Ahab ya ga gonar inabin Nabot a Yezreyel kusa da fadarsa yana so, Nabot yace Allah ya sawwaƙe in ba ka gadon kakannina, Yezebel matar Ahab ta shirya shaidun ƙarya biyu aka jejjefe shi har ya mutu, Ahab ya sauka ya karɓe gonar. Abin da mutane ke tsallakewa shine abin da ya biyo baya. Allah bai ce bari in yi shiru in ga ko zai tuba da kansa ba, a'a, ya aiko annabi Iliya ya same shi a CIKIN gonar, yace masa ka yi kisa kuma ka ƙwace. Sai da Ahab ya ji maganar nan a kunnensa sannan ya yage tufafinsa ya sa tsummoki ya yi azumi, a nan ne Allah yace tunda ya ƙasƙantar da kansa ba zan kawo masifar a zamaninsa ba. Kuma duk da haka gonar bata ɓace daga lissafin Allah ba, a 2 Sarakuna 9 gawar Yoram ɗan Ahab a cikin filin Nabot ɗin aka jefar da ita.

Ka ga hukuncin ne aka jinkirta, faɗin gaskiyar ba a jinkirta shi ba. Haka yake ko'ina in ka bi. 1 Bitrus 3:20 ta ce haƙurin Allah ya jira a zamanin Nuhu ana sassaƙa jirgi, amma 2 Bitrus 2:5 ta kira Nuhu mai wa'azin adalci, wato ana jira ana gargaɗi. Nineba an ba ta kwana 40 amma sai da aka tura Yunusa, kuma birnin da aka ƙyale lokacin saboda mutum sama da 120,000 da ke cikinsa, da suka koma halinsu annabi Nahum ya yi shelar faɗuwarsa, ya kuma faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Ko ɓauren Luka 13 da ya yi shekara uku ba 'ya'ya, mai lambun da ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya cewa yayi zan yi masa kaftu in zuba taki. Bai ce zan zauna a inuwa in zuba ido ba.

Shi yasa ni a ganina shekara 9 ɗin nan kashi biyu ne. Akwai numfashin da Allah ya bar wa baffanka, wannan haƙurin Allah ne. Akwai kuma shirun dangi da na ikkilisiya, wannan tsoron mutum ne da kunyar ido, kuma bai kamata mu lulluɓe shi da sunan Allah ba. Mai Hadishi 8:11 ma ta faɗa, in ba a gaggauta hukunta mugunta ba zuciyar mutane sai ta ƙara ƙarfi wajen yinta. Maimaitawar Shari'a 27:17 la'ana ta ɗora akan mai kawar da iyakar maƙwabcinsa, Karin Magana 23:10-11 ta ce kar ka shiga gonar marayu don Mai Fansarsu ƙaƙƙarfa ne. Ba daidai bane mu yi ta wa'azin 2 Bitrus 3:9 muna tsallake waɗannan.

Batun wa ke biya kuwa, bazan yi maka ƙarya ba, mamanku ta biya, kuma da tsada. Abin da zan iya ƙarawa kawai shine Romawa 3:25-26, inda Bulus yace zunuban da Allah ya ƙyale a baya cikin jimirinsa ba share su yayi kamar basu faru ba, akan gicciye ya nuna adalcinsa a kansu. Wanda yake haƙurin shi ma ya zubar da jini a ciki, ba daga nesa yake kallo ba. Na san wannan bazai gyara idon mama ba, amma shi ke hana ni ganin Allah kamar alƙalin da ke ta ɗage shari'a don ba shi ke kwana da yunwa ba.

tsohon_direba:

Na daɗe ina karantawa bana rubutu amma wannan dole in sa baki, don ni ta ɗaya gefen nake.

Shekara 11 nayi ina shan burkutu da giya, ina jan motar haya, abin da na samu a hanya a hanya yake ƙarewa, in na dawo gida kuma matata ce ke shan duka. Ranar Lahadi in sa babbar riga in zauna a coci kamar ba ni ba. Da Allah ya ɗauke ni a shekarun nan da bansan inda nake ba yanzu, sau biyu mota tana kifewa da ni ina fita da ƙafata. To in ka tambaye ni wa ya biya kuɗin haƙurin da aka yi da ni, matata ce, haƙorinta na gaba har yau babu, kuma babban ɗana yanzu yana da nasa iyalin amma in na kira shi a waya daga "to" sai "to" har mu gama. Bana jin haushinsa, ya ga abin da ya gani.

Abin da ya juya ni ba mafarki bane ba kuma hatsarin bane. Wani tsohon mai bishara ne yazo tasha da rana tsaka, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni ina jiran lodi, yace wane, jiya na ga fuskar matarka a rijiya, kai kana tsammani Allah bai gani ba ne ko kuwa ka ɗauka shirunsa yarda ce? Ya buɗe mun Romawa 2:4-5 yasa na karanta da bakina, cewa alherin Allah don ya kai ni ga tuba ne, in kuwa na taurare to fushi nake tara wa kaina. Duk garin sun sani shekara 11, mutum ɗaya ne ya shigo motar.

Don haka ɗana zuwa gaya wa baffanka gaskiya ba rashin haƙuri bane, wataƙila ma shine taimakon da ba wanda ya taɓa yi masa. Kuma in ya ce ya tuba a ga gona. Zakka da ya tuba a Luka 19 cewa yayi duk wanda na zalunta zan mayar masa ninki huɗu, bai tsaya a hawaye ba.

ɗan_autan_mama:

Nagode ƙwarai iyayena da 'yan'uwa. Maman Biyu, amsar tambayarki ita ce kowa ya sani, amma ba a taɓa kai maganar gaban dattawa ba, faston da ke nan yanzu ma bayan abin aka kawo shi.

Jiya da dare bayan ta gama wanke wake na karanta wa mama 1 Sarakuna 21. Tayi shiru ta daɗe, sai ta tashi ta jawo akwatin ƙarfenta ta ciro wata takarda a cikin leda, ashe lokacin da kakanmu ya raba gonaki an rubuta a gaban mai unguwa, kuma cikin waɗanda suka sa hannu mutum biyu suna da rai. Shekara 9 tana ajiye da ita, tace ta ji tsoro ne kar a ce matar wa ta kai ƙanen miji ƙara, kuma an yi ta ce mata Kirista haƙuri aka san shi da shi. Gaskiya har yanzu zuciyata bata huce ba, kuma bansan ko zan iya gaishe shi ranar Lahadi ba. Amma ina so in bi Matiyu 18:15-17, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka fara zuwa kai kaɗai, in bai ji ba ka je da shaidu, in ya ƙi sai a kai gaban ikkilisiya. Tunda mama ta riga taje ita kaɗai har sau uku, sai in je da shaidu kenan ko ni ma sai na fara zuwa ni kaɗai?

Maman_Biyu:

Kar ka je kai kaɗai ɗana, jininka yana tafasa kuma shi uba ne a wajenka, magana ɗaya za ta kuɓuce maka a bar batun gona a koma batun rashin kunya. Zuwan mamanku ya cika matakin farko. Ka fara kai takardar nan a yi mata hoto kwafi uku, ta ainihin kuma kar ta kwana a gidanku, ka kai wa kawunka ya ajiye. Sannan kai da kawun naka ku je ku gaida tsofaffin nan biyu da suka sa hannu, ku ji ta bakinsu tukuna tun suna da ƙarfin fita, bayan haka ku samu fasto a gida, ba a ƙofar coci bayan sujada ba inda kowa ke kasa kunne. Mamanku kuma ta gaya wa shugabar zumuntar mata don ranar zaman ta samu mata biyu a gefenta, kar ta zauna ita kaɗai a tsakiyar maza. Ku yi ƙoƙari ayi zaman kafin ruwan farko ya sauka, in ya riga ya zuba iri za a ce ku bari sai bayan girbi. Idon mama kuma a kai ta asibiti a duba shi wannan satin, kar a jira maganar gona. Zan sa ku a addu'ar asuba.