Ina awo da mudun gaskiya amma ciniki na guduna, me zan yi?

Maman Biyu:

Salama a gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu. Akwai abin da ke cin raina, na kasa faɗarsa a Zumuntar Mata domin wasu da maganar ta shafa benci ɗaya muke zama ranar Lahadi.

Sana'ata awo. Ina saro masara da wake da dawa daga wajen Saminaka, ina sayarwa mudu-mudu a wata kasuwar unguwa a Kaduna. Maigidana ya rasu, da wannan awon nake ciyar da yara, da shi nake biyan kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fara cinye ribar. A 2024 hatsi ya yi tashin gwauron zabi, na kwashi adashe na sayi masara na ajiye, sai ga shi a 2025 farashi ya faɗo. Har yanzu jarin bai dawo daidai ba.

A layinmu da yawa mudu biyu gare su, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ƙaramin nan kifa shi ake yi a bubbuga gindinsa ya shige ciki. A ido ba ka ganin bambanci, amma kowane awo yana cinye kusan cikin tafi. Shi ya sa suke iya sauke naira 100 a kan kuɗina. Mai saye ya zo ya taya, ya ji nawa ya fi, ya wuce gaba, ina kallo.

Wata babbar mace da nake ce wa Yaya, wadda ta tsaya mini sosai lokacin makoki, ta kawo mini irin mudunta. Ta ce, "Ƙanwata, yaranki gaskiya za su ci?" Yana cikin buhu a ƙarƙashin teburina. Ban taɓa shi ba, ban kuma mayar mata ba. Ina addu'a kowace asuba, ina fitar da zakka, amma da la'asar in na ƙirga ciniki sai zuciyata ta karaya. Yaya ake dogara ga Allah a irin wannan hali? Ina roƙon ku gaya mini gaskiya, kada ku lallashe ni kawai.

Ɗan Mawaƙa:

Mama, sannu da haƙuri. Ni dai in roƙe ki ki mayar da mudun nan gobe da safe, kada ya sake kwana a rumfarki. Ki duba Maimaitawar Shari'a 25:13-15, an hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ajiyewar ma aka hana, tun kafin a kai ga awo. Ki tuna da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, garin da ke tukunyarta bai ƙare ba har yunwa ta wuce. Ki tsaya a kan gaskiya, ba da jimawa ba za ki ga masu saye sun yi layi a gabanki.

Dattijo Mai Ritaya:

'Yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Na yarda da ɗana na sama a kan mayar da mudu. Amma maganar layin masu saye, a nan zan ɗan ja shi baya, domin Allah bai yi mana wannan alkawari ba. Mai yiwuwa ne ciniki ya dawo, mai yiwuwa ne ya daɗe bai dawo ba. In muka ce miki riba na nan tafe, wata uku ya wuce ba ki gani ba, to mun ba Shaiɗan sandar da zai doke ki da ita.

Ki zauna da Zabura 73 a wannan mako. Asaf mawaƙin sujada ne, amma ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin masu mugunta suna ƙiba, ba abin da ya dame su. A aya ta 13 har ya ce ashe a banza ya tsare zuciyarsa da tsarki. Kin ga tambayarki ba sabuwa ba ce, kuma Allah bai kore shi don ya yi ta ba, ya bar ta a rubuce domin irinmu. Abin da ya juya masa tunani a aya ta 17 shi ne shigarsa wuri mai tsarki. Aljihunsa bai canja ba a ranar. Haka Habakuk 3:17-18, ba amfanin gona, ba dabba a garke, duk da haka ya ce zai yi murna da Ubangiji.

Sannan ki san cewa Allah yana kallon awo ƙwarai. A Amos 8:5-6 ya tuhumi 'yan kasuwa da ƙaranta mudu, da sayar da sharar alkama a matsayin alkama. Wa ake cuta da ƙaramin mudu? Mai kuɗi buhu yake saye. Mai sayen mudu ɗaya ita ce mace irinki, wadda ta ƙirga bakunan da za ta ciyar kafin ta fito. Cikin tafin nan tuwon ɗanta ne.

Akwai addu'ar da nake so ki riƙe, ta Agur a Karin Magana 30:8-9. Ya roƙi kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abincin da ya ishe shi, don kada ƙoshi ya sa ya manta da Allah, kada kuma rashi ya sa ya yi sata. Mutumin ya san yunwa na iya tura mai bi ga zunubi, bai ɓoye ba.

Abu na ƙarshe, kuma a nan laifin namu ne dattawa. Gwauruwa a cikin ikilisiya bai kamata ta ɗauki kuɗin makaranta ita kaɗai har ya kai ta nan ba. Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nauyin juna. Ki je wurin matar fasto ko shugabar Zumunta ki faɗi halin da kike ciki, ba sai kin kama sunan kowa ba. Neman taimako ba rashin bangaskiya ba ne.

Kaka Mai Wake:

Ƙanwata, ni ma a awo na tsufa, a Jos. Addu'a tana tafiya da dabara. Mutane suna wuce ki ne don kuɗi kawai suke ji, ba su ga mudu ba. To ki nuna musu. In mace ta ce naki ya yi tsada, ki ce ta sayi mudu ɗaya ta je gida ta juye a kwanonta, ta gwada da na ko'ina. Kada ki zagi kowa, kada ki nuna rumfar kowa. Ki nemi masu tuwo-tuwo da masu ƙosai da alale, su ne suka fi kowa sanin mudu, don a kasko suke gane an tauye su. In biyu ko uku suka riƙe ki, kin samu na yau da kullum.

Wanda ya koya mini haka wani Alhaji ne maƙwabcin rumfata, shi ma addininsa ya hana tauye mudu, bai taɓa yi ba har ya bar kasuwa. Wake kuma ki riƙa zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace da kyau. Ƙwari ba sa rayuwa in ba iska, ba sai kin zuba magani a abin da mutane za su ci ba.

Maman Biyu:

Na gode Baba, na gode Mama, kai ma ƙanena Allah ya yi maka albarka. Na karanta Zabura 73 da daddare, a aya ta 13 na tsaya na yi kuka, don kamar daga bakina aka ɗauko ta. Ranar Talata bayan Zumunta zan ga matar fasto. Mudun zan mayar. Abin da ya rage mini shi ne Yaya. Ita ta dafa abincin baƙi ranar jana'izar maigidana, ita ta ranta mini kuɗin buhun farko. Baba, da wane baki zan miƙa mata shi ba tare da ta ji kamar na kira ta ɓarauniya ba?