Na dawo gudu bayan shekara biyu, yaushe ya kamata in fara atisayen ƙara sauri?

Tela Mai Sassarfa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar nan.

Shekarata 37, ɗinki nake yi a nan cikin birnin Katsina. Da ina gudu sosai, har na taɓa zuwa Legas na shiga gudun fanfalakin da ake yi a watan Fabrairu, na gama kilomita 42 ɗin a awa 4 da minti 31. Bayan na dawo sai na faɗi a babur, na yi mummunan targaɗe a idon sawun dama. Kafin in warke ɗinkin sallah ya taso, ga hidimar iyali, shi ke nan sai zama ya kama ni. Shekara biyu cur ban ɗaura takalmin gudu ba, na ƙara kilo 7.

Yau wata huɗu ke nan da dawowata. Sau huɗu nake fita a mako, da an sallame sallar asuba sai in kama titin Dutsin-Ma, in juyo kafin rana ta ɗaga. Ran Lahadi nake yin mai tsawo, yanzu ya kai kilomita 16, duka makon kuma kamar 35. Numfashi ya dawo, alhamdu lillahi, amma ƙafa ta ƙi sauri, kilomita ɗaya sai ta ci mini kusan minti 7. Ni kuwa burina in koma Legas in gama a awa 4, wanda lissafinsa minti 5 da daƙiƙa 41 ne kowace kilomita. Saura wata biyar.

Makon jiya na bi wasu samari filin wasa na Karkanda, muka yi zagayen mita 400 sau goma, iya ƙarfina. Washegari da na sauko daga gado, jijiyar agarar dama ta ɗaure tamau, sai da na ɗan tattaka a tsakar gida ta saki. Yau kwana biyar, in na daɗe ina taka keken ɗinki ina jin ta tana ja. To in ci gaba da zagayen ne jiki ya saba, ko in dakata? In dakatawa ce, yaushe zan fara, kuma da me?

Tsohon Malamin Wasanni, Daura

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka dakata da zagayen nan tukuna.

Abin da ya same ka na sha ganinsa a jikin ɗalibai in sun dawo daga dogon hutu, balle kai da ka yi shekara biyu. Zuciya da huhu suna saurin dawowa, cikin 'yan makonni sai mutum ya ji ya daina haki. Jijiya da ƙashi kuwa ba haka suke ba, watanni suke ɗauka kafin su sake ƙwari. Sai ƙirji ya ce maka ka taka, agara tana can ba ta shirya ba. Ga kilo 7 da ka ɗora mata, ga tsohon targaɗe a wannan ƙafar dai. Ba mamaki ita ta fara kuka.

Kuma ka lura, abin da ya raba ka da awa 4 ba rashin saurin mita 400 ba ne. Na tabbata ko yau za ka iya kilomita ɗaya a minti 5 da rabi. Riƙe shi har kilomita 42 shi ne aikin, wannan kuwa yawan tafiya ne ke kawo shi. Kilomita 35 a mako ta yi kaɗan. Ka ja ta a hankali ta kai 50 zuwa 55, ƙari kaɗan kaɗan, duk mako na huɗu ka rage don jiki ya huta.

In agarar ta yi mako biyu ba ta ɗaure maka da safe ba, ga yadda nake fara wa mutum. Bayan ka gama sassarfarka, ka samu wuri miƙaƙƙe mai ƙasa, ba kwalta ba, ka saki ƙafa na daƙiƙa 20, da sauri amma ba gudun ceton rai ba, kafaɗa a sake, haƙora ba a cije ba. Ka dawo da tafiya, numfashi ya kwanta, ka sake. Sau huɗu zuwa shida, kwana biyu a mako. Ka yi wata guda a haka. Daga nan sai ka shiga wanda mutanen Suwidin suka ƙirƙiro suke kira fatlek, ma'anarsa wasa da sauri: kana cikin sassarfa sai ka ɗaga na minti ɗaya, ka sauke na minti biyu, sau takwas. Mu nan da turakun lantarki muke aunawa, daga wannan zuwa na huɗu. Sai hunturu ya shigo sannan ka fara riƙe saurin da kake buri na minti 15, ya koma 20, ya koma 30. Rana ɗaya tak a mako ta wahala, ban da Lahadinka, kuma kada su yi maƙwabtaka.

Ɗan Zagaye

Baba, a gafarce ni, amma ni ina ganin wannan tsarin zai cinye masa lokaci. Wata biyar fa ya rage. Wanda yake son sauri dole ya yi gudu da sauri. Ni shekarata 24, Talata da Alhamis nake zagaye, ban taɓa jin komai ba. Kelvin Kiptum, ɗan Kenyan da ya gama gudun fanfalaki a awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, kowace kilomita ƙasa da minti 3 ke nan, ai ba da sassarfa ya kai haka ba.

Tsohon Malamin Wasanni, Daura

Ɗana, gaskiyarka suna zagaye, amma ka duba abin da ke ƙarƙashinsa. Eliud Kipchoge, shahararren ɗan gudun fanfalaki na Kenya, a sansaninsu na Kaptagat yana haura kilomita 200 a mako, kuma mafi yawanta a sanyaye yake yi, irin gudun da mutum zai iya hira a ciki. Zagayen ɗan ƙarami ne a kan wannan tudun. Kai kuma ba ka yi shekara biyu a zaune ba, ba ka da tsohon ciwo. In ya sake yin sau goman nan agara ta kumbura, watan biyar ɗin gaba ɗaya zai rasa.

Maman Biyu

Malam Tela, sannu da jiki. Aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kuma ina ɗan sassarfa da yamma, don haka bari in tsaya a kan agarar kawai.

Ɗaurewar safiya da ke saki bayan an tattaka ita ce alamar farko ta jijiyar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta. Kwanciya gaba ɗaya ba ta gyara ta, abin da take so a riƙa ba ta nauyi daidai gwargwado. Ka tsaya a bakin dakali ko matakala da yatsun ƙafa, ka dafa bango, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka sauke dunduniya a hankali kana ƙirga uku. Sau 15, ka huta, ka maimaita har sau uku. In ya yi sauƙi ka koma saukewa da ƙafar dama ita kaɗai, wani zubin gwiwa a miƙe, wani a ɗan lanƙwashe. Ɗan ja kaɗan ba laifi, matuƙar washegari bai fi jiya ba. Safiya ita ce ma'auninka: in ɗaurewar ta ƙaru, abin da ka yi jiya ya yi yawa.

Keken ɗinki ma aiki ne a kan jijiyar nan, ka riƙa tashi duk bayan awa ɗaya, ka kuma bar ƙafar hagu ta ɗauki rabonta. Ka duba ƙasan takalminka, in na da ne tun zuwanka Legas kuma dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya, ka sauya. Amma in ka ga kumburi, ko ka ji kamar an make ka da sanda ta baya ka kasa tsayuwa a kan yatsu, kada ka tsaya a gida ana ja maka, ka tafi asibiti a ranar.

Tela Mai Sassarfa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, takalmin kuwa shi ne na Legas ɗin, na juya shi yanzu na ga gefen dama ya sha ƙasa har farin ya fito. Dakalin ƙofar shagona zai yi wannan aikin. Yallaɓai, abu ɗaya ya rage mini: in na bi tsarin nan, awa 4 ɗin za ta samu a wannan zuwan?

Tsohon Malamin Wasanni, Daura

Ba zan ce maka e yanzu ba. A ƙarshen Disamba ka gwada kilomita 21, in ka yi ta a awa 1 da minti 55 ko ƙasa kuma ƙafa lafiya, to ka nemi awa 4. In ta haura awa 2, ka sa ido a kan awa 4 da kwata, ai ka riga ka ture tsohon lokacinka.

Ka kuma tuna za ka yi atisayenka mafi nauyi ne a sanyin hunturu, iska busasshiya, gumi na bushewa tun bai sauko ba. Legas kuwa iskarta jiƙe take, ka san yadda riga ke manne wa mutum tun kafin ya sauka daga gadar Third Mainland. Saurin da ya yi maka daɗi a titin Dutsin-Ma ƙarfe 6 na safe zai fi nauyi a can. Daga Janairu ka riƙa jinkirta fita ɗaya a mako zuwa hantsi, da gorar ruwa a hannu. Ranar da ƙura ta rufe gari kuwa ka bar saurin, ka yi sassarfa ko ka ɗaga zuwa gobe.