Muhawara: Ya Dace a Bugo Ankon Zumuntar Mata a Ƙasar Sin?

Sakatariyar Zumunta: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Kwamitin taron shekara ya kawo shawarar a ba wani dillali a Kantin Kwari aikin sabon ankonmu, shi kuma ya aika da zanen ƙasar Sin a bugo mana kamar yadda aka saba. Baba Dattijo bai amince ba, domin a ganinsa bai dace a rubuta ayar Littafi Mai Tsarki a jikin atamfar da ba mu san ko an biya wanda ya yi ta haƙƙinsa ba. Mama ta ce a ji ta bakin kowa kafin a fara karɓar kuɗi.

Dattijon Ikilisiya: Na gode, 'yata. Waɗanda suka san Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, a da sun san abin da ke damuna. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, a zamanin Sardauna, aka kuma ƙara da masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles, audugar Funtua da Gusau a Kaduna ake saƙa ta, kuma da albashin masaƙa iyalai da yawa suka sa 'ya'yansu a makaranta, suka ba da baikon da aka gina majami'u da shi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, mu kuwa muka koma sayen kayan waje ba tare da mun taɓa tambayar dalilin arharsu ba. A 2013 ginin Rana Plaza ya rushe a Bangaladash ya kashe mutum fiye da 1,100, galibinsu masu ɗinkin tufafi, bayan an ga tsaga a bangon tun ana gobe, aka kuma tilasta musu komawa bakin aiki. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Ba na so matanmu su yi waƙar yabo sanye da irin wannan arha.

'Yar Kasuwa: Baba, a gafarce ni, amma an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Masu ɗinkin Rana Plaza riguna suke ɗinka wa manyan shagunan Turai da Amurka, ba atamfa suke bugawa ba, kuma Bangaladash ba ƙasar Sin ba ce, saboda haka ba mu da hujjar yanke wa masana'antar da ba mu sani ba hukunci da laifin wata. Masaƙunmu ma ba ankon zumunta ne ya kashe su ba. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da kayan fasa-ƙwauri da ke shigowa ta iyakokin Nijar da Benin. Ni nake karɓar kuɗin anko hannu da hannu, na kuma san gwauraye da ke biyan turmi ɗaya da kaɗan-kaɗan har wata uku. Idan aka tsawwala farashi, su ne za su zauna a bayan majami'a da tsohon zane ranar taro.

Malamin Makarantar Lahadi: Ina goyon bayan Baba a kan cewa tambayar ta wajaba, amma ban yarda cewa kayan gida tsarkakakku ne don kawai na gida ne ba. Ruwan rinin masaƙun Kakuri da Makera cikin Kogin Kaduna yake gangarawa, kamar yadda dattin masana'antun Kano ya ɓata Kogin Challawa, kuma ma'aikatan da aka sallama sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka mutu ba su karɓa ba. Farawa 2:15 ta ce an sa mutum a gonar domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Abin da na fi gani a matsayin matsala shi ne yawan ankon da muke yi: na taron shekara, na aure, na jana'iza, na ban kwana da fasto, kowanne a ɗaura sau biyu a jefa a akwati.

Tela: Iyayena, ku ba ni dama in yi magana, domin duk inda aka bugo atamfar nan, a shagona za ta ƙare. Kowace shekara ana saura mako guda taro ake tara mini turame, kowa na son nata ya fito kafin Lahadi. Babu wuta, sai na sayi man janareta da kuɗina, yaran shago suna kalmasa bakin zane da sa maɓalli har tsakar dare, idanunsu sun yi ja. Idan na faɗi kuɗin ɗinki sai a ce mini, "Haba ɗan'uwa, aikin Allah ne fa," a rage, sauran kuma a ce sai ƙarshen wata, wani ƙarshen watan har yau bai zo ba. Idan ba a biya ni ba, da me zan sallami yaran? Maimaitawar Shari'a 24:15 ta umarta a ba ma'aikaci ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, a kansa ya dogara. Na yarda mu damu da ma'aikacin da ke can nesa, amma shi ba mu da iko a kan albashinsa, na yaran shagona kuwa yana cikin jakunkunan matan da ke wannan zumunta.

Dattijon Ikilisiya: Maganarka gaskiya ce, ɗana, kuma abin kunya ne a ce da sunan aikin Allah ake rage maka. Sai dai biyan ka haƙƙinka bai ɗauke mana nauyin ɗayan ba. Mai sayen turame ɗaruruwa a lokaci guda yana da bakin tambayar sunan masana'antar da za ta buga, yana kuma da ikon neman farashi daga masaƙun da suka rage a ƙasar nan kafin ya ce babu.

Uwar Zumunta: Na ji kowa. A Ayyukan Manzanni 9, da Dokas ta rasu a Yafa, gwauraye ne suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka, saboda haka ba zan sa hannu a tsarin da zai bar gwauruwa a baya ba. Shawarata ita ce a bar anko ɗaya ya yi shekara uku, a haɗa kuɗin ɗinki cikin kuɗin anko tun farko a miƙa wa teloli ranar da aka kai musu kaya, sannan kwamiti ya nemo farashin gida da na waje mu gani da idonmu.

'Yar Kasuwa: Mama, na amince da biyun farko. Game da na ukun, zan shiga Kano in kawo samfuri da farashin kowanne, amma ina sanar da kwamiti tun yanzu cewa dillalai da yawa ta hannun wani wakili suke ba da oda, su kansu ba su san masana'antar ba. Idan kuma na gida ya fi tsada, ina so a faɗa mini tun kafin in tafi ko asusun zumunta zai cike wa gwauraye bambancin.